Dogon jira, gajeren aiki: yadda lantarki ke auna lokaci

Zabuwa da kaza

In damina ta kama a ƙasar Dakoro, ciyawa ta fito cikin kwarin Tarka, sai zabi su shiga yin ƙwai. Kowa ya san halin zabuwa. Tana da yawan ƙwai, amma ba ta da haƙurin kwanci. Don hakanan ne mata ke kwashe ƙwan zabi su sa ma kaza. Kaza guda kuwa ba ta rufe abin da ya wuce ƙwai 12 zuwa 15. Sauran sai a dafa, yara su kai tasha.

Yanzu akwai akwatin ƙyanƙyasa, wanda ma'aikatan kiwo ke ce ma kubez. Wani na aiki da wutar NIGELEC, wani da batiri da pano mai kama hasken rana. Akwati guda na ɗaukar ƙwan da kaji da yawa ba su iya rufewa. Ƙwan kaza na yin kwana 21 kafin shi ƙyanƙyashe. Ƙwan zabi na yin kwana 26 zuwa 28.

Kaza mai kwanci abu uku ta ke ba ƙwanta: ɗumi, laima, da juyi. Ku lura da ita. Lokaci lokaci ta kan sa baki ta motsa ƙwan. In ba a juya ƙwai ba, ɗan tsakon da ke ciki shi kan manne ma jikin ɓawo, shi mutu. Saboda haka dole akwatin shi ma shi riƙa juyi. Cikin akwati mai kyau akwai ɗan moter da ke karkata tiren ƙwai. Shi kan yi shiru wajen awa biyu, sa'annan shi tashi shi yi aikin sakan kaɗan, shi sake yin shiru.

To, wa ke ce mishi tashi? Wa ke ce mishi tsaya? Babu mutum cikin akwatin. Wannan shi ne darasinmu na yau. Jiran awa biyu, shi mu ke kira dogon jira. Aikin sakan biyar, shi mu ke kira gajeren aiki.

Mu gwada da gwangwani

Ku samo gwangwanin tumatir wanda babu komi ciki. Ku huda gindinshi da ƙaramar ƙusa. Ku aza shi bisa ruwa cikin bokiti. Ruwa zai riƙa shiga ta hudar sannu sannu, har gwangwanin shi cika shi nutse. Ku ƙidaya tun daga azawa har nutsewa. Ku sake yi sau uku. Za ku tarar ƙidayar kusan ɗaya ce kullum.

Yanzu ku faɗaɗa hudar. Gwangwanin zai nutse da wuri. Ku canza gwangwani, ku sa babba mai ƙaramar huda. Zai daɗe bai nutse ba.

Ke nan abu biyu ke yanke tsawon lokacin: girman gwangwani da ƙanƙantar huda. Wanda ya gane wanga ya gane rabin darasin.

Tulun wuta da maƙurar wuta

In kunka leƙa cikin tsohuwar radiyo, za ku ga ƙananan abubuwa iri iri manne bisa wani faifai. Biyu daga cikinsu mu ke so.

Na farko kamar ƙaramar ganga shi ke, da ƙafa biyu. Masu gyaran radiyo na ce mishi kondansater. Aikinshi tara wuta, kamar yadda tulu ke tara ruwa. Mu kira shi tulun wuta. An rubuta girmanshi a jikinshi: 10, ko 47, ko 100, ko 1000, sai alamar µF a gaba. Ana karanta alamar mikro. Lamba babba, tulu babba.

Na biyu kamar ƙwayar shinkafa mai kauri shi ke, da zobba masu launi a jiki. Sunanshi rezistansi. Aikinshi matse ma wuta hanya, kamar ƙaramar hudar gwangwaninmu. Mu kira shi maƙurar wuta. Launin zobban shi ke faɗin ƙarfin matsewar. Ana auna ta da om. Harafin k na nufin dubu. Ke nan 100k om dubu ɗari ne.

In anka bi da wutar batiri ta cikin maƙura zuwa tulu, tulun zai cika sannu sannu. Saura mai tsaro wanda zai tsaya shina duba tulun, in ya cika shi ce: lokaci ya yi.

Mai ƙafa takwas

Mai tsaron nan wani ɗan baƙin abu ne, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da ƙafa takwas. A bayanshi an rubuta 555. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Hans Camenzind, shi ya tsara shi a shekarar 1971. Kamfanin Signetics na Amurka ya fara saida shi a 1972. Har yau ana ƙera shi, kuma ba shi da tsada.

Akwai ɗan ɗigo a kusurwa guda bisa bayanshi. Ƙafar da ke dab da ɗigon ita ce ta 1. Daga nan a ke ƙidaya, a bi layi, a zagayo har ta 8. Ƙafa ta 8 ta kan sha wuta daga + na batiri. Ƙafa ta 1 ta kan tafi ga −. Ƙafa ta 2 ita ce kunnenshi. Ƙafa ta 3 ita ce bakinshi.

Ga yadda shi ke aiki. In anka taɓa kunnenshi, nan take sai shi saki wuta ta baki. Lokacin nan kuma tulu ya fara cika. In tulun ya kai kashi biyu cikin uku, sai shi rufe baki, shi zubar da abin da ke cikin tulun, shi koma jira.

Ga lissafi mai sauƙi. Mu ɗauki maƙura ta 100k. Zobbanta su ne ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ɗorawa. Da wagga maƙura, kowane mikro 10 na bada sakan 1 da ɗan ɗori.

Tulu mai lamba 10: sakan 1.
Tulu mai lamba 47: sakan 5.
Tulu mai lamba 100: sakan 11.

Kun gani, gajeren aiki ba shi da wuya. Maƙura ta 100k da tulu mai lamba 47 sun ba mu sakan 5 na juya ƙwai.

Me ya hana a sa ƙaton tulu?

Wani zai ce: to Malam, in hakanan ne, dogon jira ma ai ya samu. A sa ƙaton tulu da maƙura mai matsi ƙwarai, a samu awa biyu. Maganar ta yi kama da gaskiya, amma mu lissafa.

Awa 1 minti 60 ce. Minti 1 sakan 60 ne. Awa 2 ke nan sakan 7200. Ko mun ƙara matsin maƙura har sau goma, sai mun samu tulu mai lamba fiye da 6500. A nan matsala uku ke fitowa.

Ta farko, tulun wuta na naso. Ku tuna sabon tulun ƙasa. Ko ba a huda shi ba, jikinshi na fidda ruwa. In ruwan da ke ɗiga ciki bai fi wanda ke nashewa ba, tulun ba shi cika har abada. Babban tulun wuta hakanan shi ke. In wutar da ke shiga kaɗan ce ƙwarai, naso na iya cinye ta. Mai tsaro shi yi ta jira, ƙwai na kwance babu juyi.

Ta biyu, lambar da anka rubuta bisa irin wanga tulu ba daidai-wa-daida ba ce. Ta kan kauce da kashi 20 cikin 100, sama ko ƙasa. Cikin sakan 5, kuskuren sakan 1 ne, ba komi. Cikin awa 2, kuskuren minti 24 ne.

Ta uku, zafi. Akwai ɗan ruwan magani cikin tulun. Zafi na ƙara mishi naso, kuma a kwana a tashi shina busar da ruwan. Mu kuwa nan, cikin watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Abin da ya yi daidai lokacin ɗari, in bazara ta zo sai shi ɓace.

Ke nan ba a samun dogon jira da ƙaton tulu. Sai an sake dabara.

Dabarar mutanen Gadamus

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tsofaffi sun san sunan Gadamus, wani gari cikin hamada a ƙasar Libiya. Fatakensu sun daɗe suna zuwa Damagaram da Kano da raƙuma. A garin akwai idon ruwa da a ke kira Ainul Faras. A da can, da shi a ke ban-ruwan gonakin dabino. Kowane mai gona na da rabonshi na lokaci.

A zamanin da, babu agogo. Sai sunka samu wani ƙaramin bokiti mai huda, sunanshi kadus. Mutum guda na zaune, shi cika shi da ruwa, shi jira shi tsiyaye. Duk tsiyayewa guda, sai shi ƙulla ƙulli guda a ganyen dabino. In ƙullin ya kai rabon mai gona, sai a juya ruwa zuwa gonar wani.

Ku duba da kyau. Ba su nemi ƙatuwar randa wadda za ta yini tana tsiyaya ba. Ƙaramin ma'auni sunka riƙe, sunka haɗa shi da ƙidaya. Hakanan mai awon hatsi ke yi a kasuwa. Ba shi da tiya mai girman buhu. Tiya guda gare shi, shina aunawa shina ƙidaya har buhu shi cika. Da yayyafi kogi ke cika.

Wasa cikin aji

Yaya lantarki ke ƙidaya? Mu yi wasa mu gani. Mutum huɗu su fito su jeru. Malam zai riƙa tafi.

Na farko: tafi guda shi ɗaga hannu, tafi na gaba shi sauke.
Na biyu: ba ruwanshi da tafi. Na farko shi ke kallo. Duk lokacin da na farko ya sauke hannu, shi sai shi canza: in hannunshi na ƙasa shi ɗaga, in shina sama shi sauke.
Na uku shi kalli na biyu. Na huɗu shi kalli na uku. Doka ɗaya ce.

Sauran ƴan aji su ƙidaya tafi. Na farko zai sauke hannu bayan tafi 2. Na biyu bayan tafi 4. Na uku bayan 8. Na huɗu sai an yi tafi 16. Kowane mutum anka ƙara, jira ya ninka.

In da mutum 14 ne fa? Ku ɗauki alli, ku riƙa ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1024, 2048, 4096, 8192, 16384. Na goma sha huɗu ba shi sauke hannu sai an yi tafi 16384.

Mai ƙafa goma sha shida

Akwai wani baƙin abu, ɗan'uwan 555, amma ya fi shi tsawo. Ƙafarshi 16. A bayanshi an rubuta 4060. Cikinshi akwai mai tafi guda da ƴan layi 14, kamar wasan da munka yi.

Mai tafin na bukatar tulu da maƙura, amma ƙanana. Tulu mai lamba 1 ya isa, irin busasshen nan wanda babu ruwan magani cikinshi, wanda nasonshi bai taka kara ya karya ba. Maƙura kuma ta 220k, mai zobba ja, ja, ruwan ɗorawa. Su biyu na bada tafi guda kusan kowane rabin sakan.

Mu lissafa. Tafi 16384, kowane rabin sakan. Rabin 16384 shi ne 8192. Sakan 8192 kuwa awa 2 ne da minti 16 da ɗan abu. Ga dogon jira ya samu, ba tare da ƙaton tulu ba. Cikin yini da dare, ƙwai zai samu juyi sau 10.

Na ƙarshen layi, a ƙafa ta 3 shi ke. In kana son jira shi ragu, sai ka koma ƙafa ta 2. Nan rabi za ka samu, wato awa 1 da minti 8. Ƙafa ta 1 kuma minti 34.

Haɗa su biyu

Yanzu muna da ma'aikata biyu. 4060 shi ne mai dogon jira. 555 shi ne mai gajeren aiki. Duka biyu na aiki da batiri mai bolt 12. Ga yadda aikin ke bi:

1. Mai tafi na tafi kowane rabin sakan.
2. Ƴan layi na ƙidaya.
3. Bayan awa 2 da ƴan mintoci, na ƙarshe shi sauke hannu, shi taɓa kunnen 555.
4. 555 shi saki wuta ta sakan 5.
5. Wutar ta ja wani makunni da a ke kira rele. Rele shi kunna moter, tiren ƙwai shi karkata.
6. Sakan 5 ya cika, moter shi tsaya. Ƙidaya kuwa na ci gaba.

A nan akwai wurin da masu koyo ke yawan faɗuwa. 555 taɓi shi ke so, ba riƙo ba. In anka riƙe mishi kunne, ba shi rufe baki. Na ƙarshen layi kuwa, in ya sauke hannu, shi kan bar shi ƙasa fiye da awa guda. In anka haɗa su da waya kai tsaye, moter zai yi ta aiki fiye da awa guda ba tsayawa. Ƙwai su wahala, batiri shi ƙare. Maganin abin shi ne a sa wani ɗan ƙaramin tulu tsakaninsu, da maƙura daga kunnen zuwa +. Ɗan tulun na barin taɓin farko shi wuce, sa'annan shi tare sauran.

Abu na biyu, rele na maido da wuta baya in anka kashe shi, kamar jaki mai harbi. Don hakanan a ke gicciya mishi diyod, wani ɗan abu mai barin wuta ta bi hanya guda kawai. In babu shi, 555 na iya ƙonewa.

Agogon hannunka ma hakanan

Wagga dabara ba ta akwatin ƙwai kaɗai ba ce. Agogon hannu mai batiri, cikinshi akwai ɗan dutse mai suna kwartz. In wuta ta taɓa shi, shi kan yi rawa sau 32768 cikin sakan guda. Ku ninka 16384 sau biyu ku gani: 32768 ne. Ke nan ƴan layi 15 ke cikin agogo. Na ƙarshensu ke tura tsinken sakan taki guda. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fara saida irin wanga agogon hannu a watan Disamba na 1969.

Fitilun titi masu pano, waɗanda ke rage haske in dare ya raba, ƙidaya su ke. Wayar hannu da ke tada ka da asuba, ƙidaya ta ke. Akwatunan ƙyanƙyasa na zamani da yawa, ƴar ƙaramar kwamfuta ke cikinsu maimakon 555 da 4060. Ita ma abin da ta ke yi ke nan: ƙaramin tafi, doguwar ƙidaya.

Shawara ga mai akwati

Ko ba kai za ka haɗa da hannunka ba, wanga sani na da amfani gare ka. In ka je wurin mai gyara, ka san abin da za ka faɗa.

Kafin ka zuba ƙwai, ka gwada akwatin kwana biyu babu komi ciki. Ka zauna da agogo da takarda. Duk lokacin da moter ya tashi, ka rubuta ƙarfe nawa. Ka rubuta sakan nawa ya yi. In tazarar na kaucewa da yawa, kada ka ba shi amanar ƙwanka.

Ka sa alamar X a gefe guda na kowane ƙwai, O a ɗaya gefen, da fensir. In na'urar ta lalace, ka juya da hannu, aƙalla sau 3 a yini. Alamar za ta nuna maka wanda ka juya da wanda ka manta.

Kwana uku kafin ƙyanƙyasa a ke daina juyi. Ga ƙwan kaza, daga kwana na 18 ke nan. Ka rubuta ranar da ka zuba ƙwai a jikin akwati.

In ka ga kan tulun wuta ya kumbura, ya mutu, a canza shi. Tulu mai ruwan magani na da ƙafar + da ƙafar −. Akwai zane a gefen −. In anka juya shi baibai shina iya fashewa.

Mai koyo shi tsaya ga batiri mai bolt 12. Wutar NIGELEC bolt 220 ce, tana kisa. Manyan tulunan da ke cikin talabijin kuma na riƙe wuta ko bayan an zare waya. Kada yaro shi sa hannu.

Mu riƙe

Tulu da maƙura ke auna gajeren lokaci.
Babban tulu na naso, zafi na ƙara mishi naso.
Dogon lokaci, da ƙaramin ma'auni da ƙidaya a ke samun shi.
555 taɓi shi ke so, ba riƙo ba.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin juya ƙwai?
2. Waɗanne abubuwa biyu ke yanke lokacin nutsewar gwangwani?
3. Kawo dalili biyu da sunka hana a yi dogon jira da ƙaton tulu.
4. Me mai kadus ke yi da ganyen dabino?
5. Me zai faru in anka riƙe kunnen 555?

Lissafi

1. Sakan nawa ke cikin awa 3?
2. Mutum 6 sun jeru cikin wasanmu. Tafi nawa za a yi kafin na ƙarshe shi sauke hannu?
3. Wata mata ta zuba ƙwan kaza ranar 2 ga watan Yuli. Wace rana za ta daina juyi? Wace rana za ta sa ran ƴan tsaki?
4. An zuba ƙwan zabi 60. Juyi ya tsaya, ƙwai 1 cikin kowane 4 ya lalace. Ƙwai nawa anka yi hasara? Ku tambayi kuɗin ɗan zabo a kasuwarku, ku lissafa hasarar da jika da dala.

Aikin gida

Kowa shi huda gwangwani biyu, babba da ƙarami. Shi auna lokacin nutsewar kowane sau uku, shi rubuta cikin littafinshi. Darasi mai zuwa za mu gwama abin da kowa ya samu.